Kano Zuwa Jidda: Awa Huɗu da Rabi Ne, Ko Awa Bakwai?

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, in aka ja zare a miƙe a kan taswira, kilomita 3,400 ne da 'yan kai. Zuwa Madina kuma akwai ƙarin da bai kai kilomita 150 ba. Wannan lissafin yana nan yadda yake tun zamanin kakanni, ba wanda ya matsar da Kano, ba wanda ya matsar da Jidda. Amma awannin da mutum zai yi a zaune cikin jirgi sun canza, kuɗin da zai biya ma sun canza. A kan wannan nake so mu ɗan tattauna. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

Ni malamin makaranta ne, a wani ƙauye tsakanin Dambatta da Makoɗa nake zaune. A irin wurarenmu in kana koyarwa kuma kana riƙe da babbar waya, to kai ne ofishin tambaya. Kai za ka duba wa mutum saƙon banki, kai za ka karanta takardar asibiti, kai kuma za a tambaya awa nawa ne zuwa Makka. Wannan tambayar ta ƙarshe na sha ta bana fiye da kowace shekara, kuma na lura amsar da mutane ke ba juna ta kasu biyu. Har a gidanmu ta kasu.

Baffana ya sauke farali a 2019. Ƙanwarsa, wato Gwaggona, ta je a 2023. Duk ranar da aka haɗu a tsakar gida aka taɓo zancen jirgi sai an yi musu. Shi ya ce, "Ke Hajiya, tafiyar da ba ta fi a yi Isha'i a nan a yi Asuba a can ba? Ko barcin kirki ban yi ba aka ce mu ɗaura bel za a sauka." Ita kuma ta ce, "Yaya Alhaji, wallahi ni dai na zauna har ƙafafuna suka kumbura, takalmina ya ƙi shiga. Sau biyu aka ba mu abinci." Sai ya yi dariya ya ce tsoro ne ya sa ta ga tsawon tafiyar. Ita kuma abin yana yi mata ciwo, don ta san abin da jikinta ya gaya mata.

To gaskiyar magana, ba wanda ya yi ƙari a cikinsu. Jirginsa ya bi wata hanya, nata ya bi wata. Zan zo kan wannan, amma bari in fara kawar da wani ruɗani da ke shiga lissafin kusan kowane alhaji, wato maganar agogo.

Saudiyya tana gabanmu da awa biyu. In ƙarfe 12 na rana ta yi a Dambatta, a Makka ƙarfe 2 ne. Saboda haka in jirgi ya tashi daga Kano ƙarfe 10 na dare ya yi awa huɗu da rabi a sama, agogon hannunka zai nuna 2:30 na dare, amma agogon bangon filin jirgin Jidda zai nuna 4:30 na asuba. Wanda ya duba na bango sai ya ce an yi awa shida da rabi. A dawowa kuma abin ya juye: ka tashi ƙarfe 10 agogon can, ka sauka 12:30 agogon nan, ka dawo gida kana ba da labarin cewa dawowa awa biyu da rabi ce kacal, wai don jirgi ya san hanyar gida. Na taɓa jin wani dattijo yana cewa ai dawowa gangara ce. Ba gangara ba ce, Baba, agogo ne. Akwai dai ɗan bambanci na gaske tsakanin zuwa da dawowa, saboda iskar da ke kaɗawa a can sama tana iya tura jirgi ta baya ko ta tare shi ta gaba, amma wannan na mintuna ne.

In an cire ruɗanin agogo, lissafin mai sauƙi ne. Manyan jiragen da ke ɗaukar alhazai suna tafiyar kilomita 850 zuwa 900 a awa guda idan sun daidaita a sama, a tsayin kilomita 10 ko 11 daga ƙasa. Raba 3,400 da 850, ka samu awa huɗu. Ƙara lokacin hawa da na sauka, lokacin da jirgi ba ya cikakken gudu, da ɗan lanƙwasar hanya, tunda sararin sama ma yana da titunansa da aka shata, ba inda matuƙi ya ga dama yake bi ba. Sai ka tashi da awa huɗu da rabi, wani lokaci zuwa biyar. Wannan ita ce tafiyar Baffa.

Ranar 15 ga Afrilu 2023, cikin azumi, yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Mohamed Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemeti. Filin jirgin Khartum na cikin wuraren da aka fara gwabzawa, jirage suka ƙone a ƙasa, aka rufe sararin samaniyar ƙasar. Yanzu ɗauki taswira ka duba zaren nan da muka ja. Daga Kano ya bi ta gefen Tafkin Chadi, ya ratsa ƙasar Chadi, ya shiga Sudan, ya tsallaka Kogin Nilu, ya faɗa Bahar Maliya, sai Jidda. Sama da kashi ɗaya cikin uku na tafiyar a kan Sudan ake yin ta. Wato babban titinmu ne aka datse a tsakiya, kuma saura 'yan makonni a fara jigilar alhazai.

Wani abin da ya ƙara dagula lamarin, wanda mutane da yawa ba su lura da shi ba: duk da Sudan ta Kudu ta ɓalle tun 2011, a lokacin daga Khartum ake kula da zirga-zirgar jiragen da ke wucewa ta can saman sararinta. Da Khartum ta yi shiru, sai matsalar ta shafi har Sudan ta Kudu. Saboda haka ba ɗan kaucewa za a yi ba, zagaye ne na sosai. Ko dai a yi kudu, ta Kamaru da Afirka ta Tsakiya, a gangara wajen Uganda da Kenya, a hauro ta Habasha sannan a fito Bahar Maliya, ko kuma a yi arewa ta wajen Libiya da Masar, alhali ita ma Libiya kamfanoni da yawa suna ɗari-ɗari da samanta. Da haka tafiyar awa huɗu da rabi ta koma wajen awa bakwai. Wannan ita ce tafiyar Gwaggo. Kamar a ce za ka Kano daga Dambatta, aka ce gada ta karye, sai ka bi ta Ɓaɓura ka faɗa Gumel sannan ka juyo.

Masu zuwa Umara ma sun ji a jikinsu. Da can jiragen Sudan Airways da wasu kamfanonin Sudan suna sauka a Kano, kuma mai ƙaramin ƙarfi yakan bi ta Khartum don an fi samun sauƙi. Wannan ƙofar ta rufe. Wanda ya bi ta Addis Ababa, ko da a miƙe aka tafi, kilomita 3,300 zai yi kafin ya isa can, sannan ya ƙara wasu 1,400 zuwa Jidda, ban da zaman jiran canjin jirgi. Wanda ya bi ta Doha kuwa sai ya wuce Makka gaba ɗaya, ya tsallake faɗin Saudiyya, sannan ya dawo baya. In ka ji wani ya ce ya yi awa goma sha biyar a hanya, kada ka ƙaryata shi, tambaye shi ta ina ya bi.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi damun mutanenmu.

Babban jirgi irin Boeing 747 yana shan mai wajen tan 10 a kowace awa. Ƙarin awa biyu na nufin ƙarin tan 20 a zuwa kaɗai. Sannan kowace ƙasa da jirgi ya ratsa samanta sai an biya ta kuɗin wucewa, in ƙasashen suka ƙaru kuɗin ya ƙaru. Ga kuma wani abu da ya kamata kowane maniyyaci ya sani: jirgin alhazai ba kamar motar haya ba ce da za ta sauke fasinja a Kano ta ɗebo wasu zuwa Dambatta. In ya kai ku Madina, yawanci wayam yake dawowa don ya ɗebi sahu na gaba. In an gama Hajji kuma wayam zai tafi ya ɗebo ku. Kenan kujerarka ɗaya tana ɗauke da nauyin tafiya huɗu, kuma kowacce a cikin huɗun ta ƙara tsawo. Ga ma'aikatan jirgi da doka ta ƙayyade musu awannin aiki, ga jirgin da da zai yi sahu biyu a yini ya koma da ƙyar yake yin ɗaya da rabi.

Shi ya sa a watan Mayun 2023 kamfanonin jiragen Najeriya da aka zaɓa suka ja baya da sa hannu a yarjejeniya da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, har sai da aka amince da ƙarin dala 250 a kan kowace kujera. Wani ɓangare na wannan ƙarin daga kuɗin guzurin alhazai aka cire shi, dala 100 a kan kowane mutum. A shekarar Najeriya na da kujeru 95,000, daga ciki 75,000 na jihohi ne. Lissafa 250 sau 75,000, ka ga dala miliyan 18 da ɗoriya. Kuɗin zagaye kenan na shekara guda.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Ban ce yaƙin Sudan ne ya kai kujerar Makka inda take a yau ba. A 2019 wajen naira miliyan ɗaya da rabi Baffa ya biya. A 2023 Gwaggo ta biya kusan miliyan 3. A 2025 kujera ta haura miliyan 8. Babban abin da ya jawo haka faɗuwar naira ce tun daga tsakiyar 2023, don kusan komai na Hajji da dala ko riyal ake biya: masauki, abinci, tantin Mina, mota, jirgi. Amma fa ita ma dala 250 ɗin da dala ake biyanta. A canjin ƙarshen 2025 ta haura naira dubu 350.

Mutumin birni mai albashi ko mai shago a Kantin Kwari zai iya ganin dubu 350 ba wani abu ba ne a cikin miliyan takwas. Mu a nan lissafinmu daban ne. Duk wanda ya san yankinmu ya san ba mu da daji. Daga Dambatta har ka shiga Kano gona ce ke bin gona, ba saura, ba hutun ƙasa, iyaka kawai ake gani da 'yan itatuwan gawo da ɗorawa da kuka. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma sha ne suka raba ta, kowa da ɗan feginsa. Ƙasar kuma ba ta bayarwa sai an ba ta, ko takin gida ko na zamani. Abin da ake samu na gero da dawa na ci ne. Gyaɗa da wake da riɗi su ne na kuɗi, sai kuma ɗan noman rani ga masu fili kusa da Dam ɗin Tomas. A irin wannan wurin ba a zuwa Makka da amfanin shekara guda. Ana zuwa ne da shanun turka na shekara da shekaru, da tumakin da mata ke kiwo a bayan ɗaki, da adashi, da gudummawar ɗa da ke aiki a Legas ko Fatakwal. In abin ya ƙi cika, sai a taɓa gona. Gwaggo sai da ta jinginar da gonar da ta gada wajen mahaifinsu, kuma sai bara ta fanshe ta.

A 2025 ma abin ya zo da wani salo. Hatsi ya yi araha, mai saye yana hamdala, amma manomin da ya sayi taki da tsada yana kai buhu Dawanau ko kasuwar Dambatta ranar Lahadi ya dawo yana lissafi da yatsu. A irin wannan shekarar dubu 350 buhuna ne masu yawa. Shi ya sa nake ganin haƙƙin maniyyaci ne a fayyace masa kuɗin kujerarsa dalla-dalla a wajen bita: nawa ne na jirgi, ta wace hanya za a bi, awa nawa za a yi. Kuma duk ranar da hanya ta buɗe aka koma bin ta miƙe, a cire abin da aka ƙara saboda zagaye. Mun san halin farashi a ƙasar nan, in ya hau da dalili ba ya saukowa in dalilin ya wuce, sai an yi magana.

Bayan aljihu kuma akwai jiki. Mafi yawan masu zuwa Hajji daga ƙauyukanmu sun haura shekara sittin, don sai a lokacin kuɗin ke taruwa. Da yawansu ba su taɓa shiga jirgi ba, wasu ko Kaduna ba su taɓa zuwa ba. Bambancin awa huɗu da rabi da awa bakwai ga matashi ƙarin barci ne. Ga tsohuwa mai ciwon suga ko hawan jini ko ciwon gwiwa, wani abu ne daban. Gwaggo ta faɗa mini abin da ta yi, kuma na tabbata ba ita kaɗai ba ce: tun daga sansani ta daina shan ruwa, don tana jin tsoron banɗakin jirgi, ba ta san yadda ake buɗe shi ba, kuma tana jin kunyar tambaya. Ta ɗauka tafiyar irin ta yayanta ce, za ta daure. Iskar cikin jirgi kuwa busasshiya ce, tana tsotse ruwan jiki. Ta sauka Madina cikin zafin watan Yuni jiri yana ɗibarta, kwana biyu na farko a kwance ta yi su.

Don haka ina roƙon duk wanda zai raka iyayensa ko ya shirya musu kaya, ya zaunar da su ya yi musu bayani da Hausa. Su sha ruwa a jirgi, ba laifi ba ne, kuma ba a biya. A nuna musu hoton banɗakin a waya, yadda ake turawa da yadda ake kullewa. Su riƙa motsa ƙafa, in an ba da dama su tashi su ɗan taka, saboda dogon zama yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, abin da kan zama haɗari. Magungunan da suke sha kullum su kasance a jakar hannu, kada a zuba su a babbar jaka da za ta shiga ƙarƙashin jirgi. Mai ciwon suga ya riƙe ɗan dabino ko wani abin taɓawa. A kuma tambayi malaman bita yadda ake sallah a zaune da hukuncin haɗa salloli, don in ana tafiya gabas lokaci gudu yake yi, kafin ka ankara wata sallar ta shigo. Wanda jirginsa Jidda zai sauka kai tsaye ya san maganar harami tun kafin ya hau. Wanda za a fara kai wa Madina, kamar yadda ake yi wa yawancin alhazanmu yanzu, shi sai a Zul Hulaifa zai ɗauka in za a tafi Makka, kuma nan ma akwai tafiyar sama da kilomita 400 a mota tana jiransa.

Akwai wani ɓangaren zancen da ya fi tsaya mini a rai, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na zauna rubutun nan.

A farkon watan Nuwamban 2025 aka cika shekara 100 cif da saukar jirgin sama na farko a Kano. Ranar 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na sojan saman Ingila ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham suka sauka a filin wasan dawaki. Daga Helwan kusa da Alƙahira suka taso ranar 27 ga Oktoba. Ta ina suka biyo? Ta Khartum, Al-Ubayyid, Al-Fashir, Abeshe, Fort Lami wato Njamena ta yau, sai Maiduguri, sai Kano. A 1936 kuma kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Khartum da Kano. Wato jirgin sama ma da ya tashi zuwa mana, ta Sudan ya shigo.

Duk dattijon da ya ji jerin garuruwan nan zai gane su, don su ne zangon alhazan ƙafa, a juye. Kafin jirgi, kafin mota, mutanenmu suna fita daga Kano su yi gabas: Borno, Chadi, Junaina, Fashir, Ubayyid, bakin Nilu, har Sawakin a gaɓar Bahar Maliya, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. In ka ɗauka ayari mai jakuna da mata da yara yana cin kilomita 25 a yini, abin da jirgi ke yi a awa ɗaya tafiyar sama da wata guda ce gare su. Da za su miƙe ba tsayawa, wata huɗu da rabi zuwa biyar ya ishe su. Amma ba wanda ke miƙewa. Guzuri yana ƙarewa, sai a tsaya a yi noma damina ɗaya ko biyu, a yi ƙodago, a yi ɗinki ko wanzanci ko koyar da allo, a tara abin gaba. Da Turawa suka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925 bayan gina dam ɗin Sennar, Hausawa masu hanyar Makka na cikin waɗanda suka riƙe aikin. Tun kafin nan ma, bayan yaƙin Burmi na 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a suka yi gabas, suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Sai a ƙarshen shekarun 1940 attajiran Kano irin su Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa ƙungiyar WAPA suna ɗaukar alhazai a manyan motoci ta wannan hanyar, daga baya aka koma jirgi. Sunan nan Wapa da ke Fagge, inda maniyyata ke zuwa canjin dala da riyal a yau, daga nan ya samo asali.

A gidanmu mutum biyu ne suka fita a ƙafa, kakana da ƙanensa, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu. Kakana ya dawo bayan shekara bakwai. An riga an yi masa sadakar mutuwa, aka ga mutum ya yi sallama da rawani da buta. Ƙanen bai dawo ba. Ya yi Hajjinsa, a hanyar dawowa ya tsaya aikin auduga kusa da Wad Madani, ya yi aure, ya hayayyafa, a can aka binne shi. Ba na jin akwai wata tsohuwar zuri'a a ƙasar Kano da za a bincika a rasa irin wannan labarin. Miliyoyin Hausawan Sudan ba daga sama suka faɗo ba, 'yan'uwanmu ne da tafiya ta tsaya da su a rabin hanya.

Zumuncin ya yanke shekaru da yawa, sai wayar zamani ta ɗinke shi. Wani jikan ƙanen kakan nawa, sa'ana ne, ya nemo mu ta hannun wani ɗalibi ɗan Bichi da ke karatu a Khartum. Muka riƙa gaisawa ta WhatsApp. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, gauraye da Larabci, yana kirana "ɗan'uwa", yana tambayar ko kukar da kakansu ke ba su labari tana nan a ƙofar gida. Tana nan. Na ɗauki hotonta na tura masa. A watan Disambar 2023 dakarun RSF suka shiga Wad Madani. Saƙonsa na ƙarshe a lokacin cewa ya yi sun fita da ƙafa, shi da mahaifiyarsa da yara, sun nufi gabas wajen Gadarif. Mutumin da kakansa ya isa ƙasar a ƙafa, ga shi yana barin gidansa a ƙafa. Wata biyar ban ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Shi ya sa in na ji ana zancen Sudan a majalisa kamar wata ƙasa ce can ƙarshen duniya, abin yana ba ni mamaki. Mun san sunan kowane ɗan wasan Real Madrid da Barcelona, muna bin siyasar Amurka kamar muna da ƙuri'a a can. Amma a watan Yulin 2022 da aka kashe Hausawa da dama a rikicin jihar Blue Nile, kwana nawa muka yi muna maganar? A 2023 mun ɗan farka saboda ɗalibanmu da suka maƙale, aka kwaso su a motoci zuwa iyakar Masar da Port Sudan, da suka iso gida sai muka koma barci. Ranar 26 ga Oktoban 2025 Al-Fashir ta faɗa hannun RSF bayan ƙawanyar kusan shekara ɗaya da rabi, kuma rahotannin kisan fararen hula da ke fitowa daga can ba su da daɗin ji. Fashir ɗin nan fa ita ce wadda kakanninmu suka sha ruwanta, suka yi damina a cikinta, wasu suka bar ƙaburburansu. Miliyoyin mutane sun rasa muhallinsu a wannan yaƙin, har Majalisar Ɗinkin Duniya tana kiransa gudun hijira mafi girma a duniya a yanzu. A masallatanmu na Juma'a sau nawa aka ambace su a addu'a? Najeriya da ta taɓa karɓar baƙuncin sulhun Darfur a Abuja har aka sa hannu a 2006, ta kuma tura sojojinta can aikin kiyaye zaman lafiya, yau muryarta ba ta fitowa yadda ya kamata. Ni a ganina ko don alhazanta kaɗai ya isa ta sa baki da ƙarfi, balle ga jini.

Shi ɗan'uwan nawa daga baya ya kira da wata sabuwar lamba. Suna raye, sai dai mahaifiyar ta rasu a Gadarif, Allah Ya jiƙanta. Da sojoji suka karɓe Wad Madani a Janairun 2025 ya koma ya duba gidan, ya tarar ba ƙofa ba taga, injin ban-ruwansa ma an tafi da shi. Muka haɗa abin da ya sawwaƙa a dangi muka tura masa ta hannun wani ɗan canji. Gwaggo, wadda ba ta daɗe da fanso gonarta ba, ita ta fi kowa bayarwa. Tunkiya ta sayar.